Kuɗin Raya Ƙananan Asibitoci Na Nan, Amma Sai Wanda Ya Iya Nema

Duk matafiyin da ya taɓa sauka a tashoshin motar Utako cikin Abuja, a kan hanyarsa daga Ikko ko Anacha zuwa gida, ya wuce ta kusa da wani ofishi da ya shafi lafiyar iyalinsa ba tare da ya sani ba. A wannan unguwa ce hedkwatar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, watau NHIA, take. Ta hannunta ne wajen rabin kuɗin da doka ta keɓe domin kiwon lafiyar talaka yake bi kafin ya isa jihohi. Amma cikin ɗimbin mutanen Arewa da ke neman abinci a Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Shagamu, da Fatakwal, ƙalilan ne suka san yadda ake neman wannan kuɗi da ire-irensa, alhali kuwa su ne ake bugo wa waya da tsakar dare idan naƙuda ta tsananta a ƙauye.

Kuɗin da ake nema domin gyaran harkar lafiya iri biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko haƙƙi ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya matakin farko. Dokar ta ba inshora rabi, ta ba hukumar NPHCDA kashi 45 domin magunguna da gyaran gine-gine da ma'aikata, sauran kashi 5 kuwa na agajin gaggawa ne. Sai da aka shekara huɗu takarda na kwance kafin a sa kuɗin cikin kasafin 2018, inda aka ware naira miliyan dubu 55 da ɗoriya. Manufa ita ce kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti guda mai aiki, wanda za a riƙa tura wa kuɗi kai tsaye cikin asusunsa na banki duk bayan wata uku. Ko wannan ma ba a sakinsa haka kawai. Dole ne malamin da ke riƙe da asibitin da kwamitin raya mazaɓa su zauna su rubuta abin da za su yi da kuɗin, su kuma kawo lissafin na baya. Inda kwamitin yake barci, ko kuwa ya zama na 'yan gidan kansila kaɗai, to, nan ne ake ganin rufin ɗakin haihuwa na yoyo shekara da shekaru.

Iri na biyu shi ne tallafin gasa. A nan wata gidauniya ko gwamnatin wata ƙasa ce take shelar cewa tana da kuɗi, duk mai wata sabuwar dabara ta rage mutuwar mata da jarirai, ko ta kai magani lungu, ya rubuto. Gidauniyar Bill Gates ta fara irin wannan shiri mai suna Grand Challenges a 2003. A 2008 ta buɗe wani reshe nasa wanda mai nema zai rubuta shafi biyu rak, masu dubawa kuma ba su ganin sunansa, in ya dace a ba shi dala 100,000 ya gwada, in gwajin ya yi kyau ya iya neman ƙari har dala miliyan ɗaya. A watan Nuwamba na 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alhaji Kashim Shettima, ya ƙaddamar da na Nijeriya a Abuja, kuma kiran farko da aka yi a kan lafiyar masu juna biyu da jarirai da ƙananan yara ne. Ba abin mamaki ba ne da aka fara ta nan. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya baki ɗaya 'yan Nijeriya ne, kuma kowa ya san a wane ɓangaren ƙasar abin ya fi muni.

Wani zai ce ai wannan harka ce ta likitoci da 'yan boko masu kwamfuta. Tarihin abin bai nuna haka ba. Ɗaya daga cikin dabarun da suka fi amfani a Arewa a tashar mota ta tsiro. Daga wajejen 2008, ƙarƙashin wani shiri da Ingila da Norway suka ɗauki nauyinsa a jihohin Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara, an haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka koya wa direbobin haya yadda za su gane alamun haɗari ga mai naƙuda da yadda za su ɗauke ta. Direba yakan fito ko da ƙarfe biyun dare ne, ya kai ta asibiti a kan abin da bai wuce kuɗin mai ba. Ladan da ake yi masa a wasu tashoshin shi ne a ba shi lodi ba tare da ya jira layi ba. Ba a sayo motar asibiti ko ɗaya ba, ba a gina kome ba. An dai lura ne cewa mota tana nan a gari, direba yana nan, abin da ya rage kawai shi ne a ɗaura su da matar da ke kan gwiwa. Daga baya aka kai shirin Gwambe da Adamawa.

Haka kuma a 2008 wata likitar mata daga Amurka, Laura Stachel, ta zo Zariya binciken dalilan mutuwar masu haihuwa, ta tarar ana karɓar haihuwa da fitilar ƙwai da tocila saboda rashin wuta. Ita da maigidanta suka harhaɗa na'urar hasken rana cikin akwatin tafiya, wadda yanzu ake amfani da ita a ƙananan asibitoci na ƙasashe da dama. Abin lura a nan shi ne, ungozomomin da suka shekara suna aiki cikin wannan duhu sun fi ta sanin matsalar nesa ba kusa ba. Abin da ta fi su shi ne ta san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, ta kuma iya harshen masu gidan.

A nan gizo yake saƙar. Ana yin shelar da Turanci, a intanet, wa'adin kuma makonni ne kawai. Mai ba da kuɗi ba ya miƙa wa mutum ɗaya a hannu. Yana son ƙungiya mai rajista da hukumar CAC, mai asusun banki da sunanta, mai littafin kuɗi da wani akanta na waje ya duba. Yana son a faɗa masa da lamba mata nawa ne ke haihuwa a gida a wannan mazaɓa, nawa ake sa ran za su koma asibiti bayan shekara guda, da yadda za a tabbatar. Sa'an nan akwai tambayar da ta fi kayar da masu nema: wa zai ci gaba da biya ranar da tallafin ya ƙare? Saboda haka galibin kuɗin yakan tsaya a hannun ƙungiyoyin Abuja da Ikko waɗanda suka ƙware wajen rubutu, su kuma su je ƙauye su yi aikin wata goma sha takwas, su kafa allo, su tafi. Ba duka ne marasa gaskiya ba, amma kaso mai tsoka yakan ƙare a otal da taron bita.

Ƙungiyoyin 'yan asalin gari da ke Kudu suna da abubuwa biyu da waɗancan ba su da su: mutanen gida sun yarda da su, kuma suna da kuɗin kansu. Babu watan da 'yan goro, da 'yan tumatir na Mile 12, da mahauta, da 'yan canji ba su yin karo-karo domin kai gawa gida ko biyan kuɗin tiyata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiyar da ta yi rajista, ta riƙe littafi na shekara biyu, ta nuna cewa da kuɗinta ta riga ta sa wa ɗakin haihuwar garinsu wutar rana, ko tana biyan man direbobi uku, ta amsa waccan tambaya mai wuya tun kafin a yi mata. Rubutun Turancin kuwa ba gagarau ba ne. Kusan kowane gari yana da ɗa a Jami'ar Ahmadu Bello ko Bayero, ko ma'aikacin jinya a Asibitin Malam Aminu Kano, wanda zai iya tsara shi. Abin da ya wajaba a kiyaye shi ne 'yan damfara. Mai ba da tallafi na gaskiya ba ya karɓar kuɗin fom, kuma duk wanda ya ce a turo wani abu domin ya "shigar da suna" ɓarawo ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata a dogara ga baƙi kaɗai ba. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da agajin Amurka ga ƙasashen waje, kafin tsakiyar shekarar kuma aka rufe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin magungunan zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da ƙanjamau a Nijeriya. Sai da Majalisar Tarayya ta cusa dala miliyan 200 cikin kasafin shekarar domin toshe ɓarakar. Zanen aro ba ya rufe katara. Tun a watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba.

Shi ya sa hankali ya kamata ya koma kan ofishin nan na Utako. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma kafa asusu domin marasa galihu. Amma rajistar talaka ta hannun hukumar jiha ake yinta, a kuma ɗaura shi da asibiti guda. Ɗan ci-rani da ke wata takwas a Ikko, wata huɗu a Kazaure, matarsa kuma tana can gida, ya faɗa tsakanin jihohi biyu: katin Ilera Eko na Ikko ba don asibitin ƙauyensu aka yi shi ba, na jiharsu kuma bai biyo shi Kudu ba. Idan akwai sabuwar dabarar da mazauna Kudu suka fi kowa cancantar su rubuta su nemi tallafi a kanta, to, ita ce wannan: hanyar da mutum zai biya wa iyalinsa inshora daga Agege, da tabbacin cewa ranar da aka kai matarsa asibitin mazaɓarsu za a karɓe ta ba tare da an ce ya turo kuɗin safar hannu da na allura ba.