Raddi ga Masu Kukan NITEL

Wata magana tana yawo a majalisun Ƙanƙara da Faskari, har wasu 'yan boko sun ɗauka suna yi mata ado: wai buɗe kasuwar sadarwa ga kamfanoni ne ya ba ɓarayin daji baki. Da layi yana hannun kamfanin gwamnati na NITEL kaɗai, in ji su, da gwamnati ta san mai kiran kowa, da ba a yi cinikin kuɗin fansa ta waya ba. Wato dai MTN da Glo ne suka shiga dajin Rugu suka raba bindigogi.

Wace NITEL ɗin ma tukuna? Lokacin da hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, kowanne a kan dala miliyan 285, layukan da ke aiki a Najeriya kaf ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan ɗari. Su ma sun taru ne a Legas da manyan birane da ofisoshin gwamnati. Mai neman layi ya cike fom ya zauna jira, wata da watanni. Don Allah a gaya mini, gidan wa aka taɓa ja wa waya a 'Yargoje? Tabbas ɓarawo ba zai kira kowa da layin NITEL ba, tunda babu layin. Haka mijin mai naƙuda ba zai kira mota ba, haka mutanen da aka kewaye garinsu da tsakar dare ba za su kira ɗauki ba. Kamfanin NITEL ɗin nan fa an sayar wa Transcorp shi a 2006, aka soke cinikin a 2009, daga baya aka yi gwanjon kadarorinsa. Shi ne zai tsare mana daji? Haba malam!

Sai batun cewa gwamnati ta rasa iko da layuka. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an datse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Umarni aka bayar, kamfanonin nan masu zaman kansu suka bi. Ga abin da masu maganar ke buri an gwada shi na watanni. Mai POS ya rufe shago, ɗan kasuwar hatsi ya daina jin farashi, 'yan ci-rani suka kasa jin lafiyar gida. Ɓarayin ba su ƙare ba. An bar jaki ana dukan taiki. Rajistar layi da lambar NIN kuwa tun Disambar 2020 aka tilasta ta, watan da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Bin sawun mai kira aikin jami'an tsaro ne.

Suna kuma kukan tsada, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Ni ma ina ji a jikina. Amma a farkon GSM minti ɗaya naira 50 ne, ko "salamu alaikum" kawai ka ce an cire. Shigowar Glo a 2003 da lissafin daƙiƙa ce ta sa sauran suka sauko, kuma ba tausayi ne ya sauko da su ba.

Raunin sabis a ƙauyuka? Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF domin irin wuraren da kamfani ba ya hango riba. Can za a kai ƙorafi.

Batun cewa waya ta lalata tarbiyyar yara kuwa, wannan ba zan ɓata tawada a kansa ba.