Ba kwamfuta ce ta kashe kalangu ba

Wani masanin al'adu ya yi magana a rediyo wata ranar Lahadi. Wai duk waƙar da aka haɗa a ɗaki da kwamfuta danna-danna ce kawai, kuma ita ta binne kiɗan Bahaushe. Masu bugo waya suka yi ta sa masa albarka. Tun zamanin fim ɗin Sangaya ake nanata mana wannan karatu, har yau bai ƙaru da komai ba.

Da malam zai sauko daga kujerarsa ya leƙa ɗaya daga cikin ɗakunan haɗa waƙa na Titin Gidan Zoo a Kano, da ya rage murya. An manna kwalin ƙwai da soson katifa a bango, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga makirufo, gumi yana tsiyaya. Yaro yana gaban manhajar FL Studio yana jera bugun ganga ɗaya bayan ɗaya, ya ja wannan baya kaɗan don kiɗan ya sami rangwaɗa, ya sa mawaƙiya ta yi ta maimaita baiti guda har muryarta ta dushe. Ana cikin haka a ɗauke wuta bai adana ba, a tashi janareta a koma farko. Wannan ne ake kira lalaci.

Abin da ya fi ba ni haushi, masu wannan magana su ne kuma masu jinjina wa duk abin da Bature ya taɓa. Na'urar kiɗa ta Roland TR-808 ta fito a 1980, aka raina ta saboda sautinta bai yi kama da na ganga ta gaske ba, kamfanin ya daina yin ta a 1983. Marvin Gaye ya ɗora waƙarsa ta 1982 a kanta, 'yan hip-hop na Amurka suka kwashe ta da araha a hannun 'yan gwanjo, suka gina masana'anta. Yau tsohuwarta dubban daloli ake saye, kamar yadda ake rububin tsofaffin jita na Fender. A can sunanta kayan tarihi. A nan kuwa idan ɗanmu ya taɓa fiyanon Yamaha, ya zama maƙiyin al'ada.

Mu tsallaka Nijar mana. Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa da fiyanon lantarki a Yamai tun 1978, lokacin Shata yana tsakiyar tashensa, kalangu bai yi ko tari ba. Mdou Moctar, Ba'abzinen da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da na'urar kiɗa da Auto-Tune irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi wayoyin hannu daga memori zuwa memori har suka keta Sahara, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tsinto ɗaya ya sa a faifai. Yanzu mutumin yana zaga duniya da jitarsa. Situdiyon da malam yake yi wa kallon bola, daga irinsa aka fara.

Na san za a ce Auto-Tune yana mai da mai muryar gwangwani zabiya. To sai me? Kunne ke saye, kuma ba a taɓa tilasta wa kowa ya yi rawa a gidan biki ba. Masu cewa kiɗan duk iri ɗaya ne, haka kakanninsu suka ce da kiɗan da ba su saba da shi ba.

Mu zo kan gaskiyar da ba a son ji. Wa ya mai da makaɗi abin ƙyama a ƙasar Hausa? Kwamfuta ce ta hana shi auren 'yar gidan mutunci? Ita ce ta riƙa kiransa maroƙi tana jefa masa kuɗi daga nesa? Gidajen da suka gaji kotso da taushi da kuntigi sun ga yadda aka yi da iyayensu, suka tura 'ya'yansu kasuwa da makaranta, kuma sun yi daidai. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. A cikin masu ihu bayan harin nan, wa ya kai ɗansa ya koyi kiɗa a hannun ɗayansu? Suna raye ana ce musu 'yan bariki, sun mutu an mai da su kayan rubuta takardar digiri.

Kuma idan yau ka sami waƙar Narambaɗa a wayarka, wani yaro ne ya zauna da tsohon kaset da kwamfuta, ya rage mata shuu, ya ɗora ta a YouTube, ba wanda ya biya shi ko sisi.

Malam, idan kalangu kake kewa, masu yin sa suna nan ba su ƙare ba. Sayi ɗaya ka kai gida, ka ba babban ɗanka, ka ce daga yau sana'arsa ke nan. Ranar da ka yi haka ka dawo rediyo, za mu saurare ka.