Kyautar Gini Da Abin Riƙonsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon filin da ka saba ba ni, domin in kawo wa masu karatu labarin wata 'yar kwaleji da ke jihar Kentaki ta ƙasar Amurka, ana ce da ita Berea. 'Yan makarantarta ba su kai 2,000 ba, amma al'amarinta abin lura ne.

Wani malami, John G. Fee, shi ya kafa ta a 1855, da niyyar tara 'ya'yan baƙar fata da na farar fata aji ɗaya, alhali kuwa bauta ba ta ƙare a jihar ba. Tun daga 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu. To, da me take rayuwa? Da kyautar masu alheri, da gumin yaranta.

A 1902 wuta ta cinye ɗakin sujadarsu. Sai wata attajira, Olivia Phelps Stokes, ta ba da kuɗin sake ginawa. 'Yan makaranta da kansu suka yi tubali, suka ta da ginin, aka buɗe shi a 1906, ga shi nan tsaye har yau. Da ma an ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Har wa yau kowane yaro yana yi wa makarantar aikin sa'a 10 ko fiye a mako.

Amma babbar dabararsu ita ce ta 1920. A shekaran nan shugabanni suka yanke shawara, duk dukiyar da mamaci ya bar musu wasiyya bai faɗi abin da za a yi da ita ba, kada a taɓa ta, a juya ta, a ci riba kaɗai. Watau kamar waƙafi ke nan. Yanzu wannan ajiya ta wuce dala biliyan 1, ribarta ce ke ɗauke da yawancin nauyin karatun yaran.

Ku dubi kuma kwalejin 'yan mata ta Sweet Briar a jihar Bajiniya. Tana da gine-gine masu kyau da fili makeke, amma a 2015 shugabanninta suka ce za su rufe ta saboda ƙarancin kuɗi. Sai da tsofaffin 'yan makaranta suka kai ƙara, suka tara miliyoyin daloli, kana ta tsira.

Jama'a, abin da na gani ke nan. Mai kyauta ya fi son gini, don ana rubuta sunansa a bango. Amma gini doki ne, kullum sai an ba shi ciyawa: rufi zai yi yoyo, malami zai nemi albashi. Saboda haka wanda ya yi niyyar gina wa makaranta ɗaki, ina ba shi shawara ya ware wani kashi na gyara da na malamai tun kafin a haƙa harsashi.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu.