Kai Mai Gigin Tsufa Gidan Kulawa a Ingila: Mu Sassauta Hukunci, Mu San Lissafi

Iyalai da dama a cikin ikilisiyoyinmu, daga Jos zuwa Kafanchan har Wusasa, suna da 'yan'uwa a Ingila. Waɗansu sun tafi karatu tun shekarun 1960 da 1970, suka sami aiki, suka yi iyali, ga shi yanzu tsufa ya cim musu a can. Idan labari ya iso gida cewa 'ya'yan wane sun kai shi gidan kula da tsofaffi, sai ka ga an riƙe baki, ana cewa Turai ta cinye tarbiyyar yara. Mu dai muna ganin wannan hukunci ya yi gaggawa. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, wane gida aka zaɓa masa, ina gidan yake, wa kuma zai biya har ƙarshe.

Da farko mu san ciwon. Abin da muke kira gigin tsufa ba hali ba ne, ba maita ba ce, ba kuwa dukan tsoho ne yake yinsa ba. Cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, wadda ta fi yawa cikin ire-irenta kuwa ita ce wadda likitan nan Bajamushe Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 55 ne ke fama da ita. Tana farawa da ƙananan mantuwa, sa'an nan ta kai ga mutum ya fita da tsakar dare yana neman gidan da ya bari shekaru hamsin da suka wuce, ko ya kunna murhu ya manta, ko ya ɗauki 'yarsa baƙuwa ce ya kore ta.

A nan gida, inda ake zaune cikin babban gida da surukai da jikoki, ido ba ya ƙarewa a kan tsoho. A unguwannin gefen London kamar Croydon da Bromley, ko Stockport a gefen Manchester, gida ɗaya ne, miji da mata, dukansu suna fita aiki da sassafe, maƙwabci kuwa ƙofarsa a rufe. Wanda ya kulle uwarsa ita kaɗai tun safe har dare domin kada a ce ya kai ta gidan tsofaffi, bai girmama ta ba, sunansa kawai ya kiyaye. Girmama iyaye da aka umarce mu, ai lafiyarsu da mutuncinsu ake nufi.

To, in an kai ga haka, sai zaɓe. Yawancin gidajen nan suna bayan gari ne, inda akwai fili da itatuwa, kuma takardun tallarsu cike suke da hotunan furanni da kujeru masu laushi. Kada wannan ya ruɗi kowa. Mai gigin tsufa ba ruwansa da labule mai tsada. Abin da yake bukata shi ne fuskar da ya saba da ita, da hannun da ba ya gaggawa. Hukumar CQC, wadda ke duba gidajen a Ingila, tana ba kowane gida ɗaya daga cikin matsayi huɗu, daga mafi kyau zuwa wanda ya gaza, kowa kuwa yana iya karanta rahotonta kyauta a intanet. Amma a duba ranar da aka yi binciken, gama waɗansu rahotannin sun shekara da yawa. Sai a taka da ƙafa, ba sau ɗaya ba, a je lokacin cin abinci, a je ran Lahadi da yamma sa'ad da manaja ba ya nan. A tambaya ma'aikata nawa ne suke kwana da dare, mutum nawa kowannensu yake kula da su, shekara nawa kuma suka yi a gidan. Gidan da ma'aikatansa suke sauyawa kowane wata, tsohon da ke ciki kullum cikin baƙi yake farkawa.

Akwai abu guda da ya shafe mu musamman. Sau da yawa ciwon nan yakan fara ɗauke harshen da mutum ya koya daga baya. Malamin da ya yi shekara arba'in yana koyarwa da Turanci, sai a wayi gari Hausa ko Berom ko Ngas kaɗai yake ji. Waƙoƙin sujada da ya koya yana yaro sukan zauna masa bayan sunayen 'ya'yansa sun ɓace. Saboda haka gida mai matsakaicin kyau da ke kusa, wanda 'ya za ta iya leƙawa bayan ta tashi aiki da ɗan tuwo a kwano, matan zumunta kuma su iya zuwa cikin bas ɗaya, ya fi mana gidan alfarma mai nisan awa biyu. Daga Fabrairu 2022, da aka buɗe bizar aikin kulawa, 'yan Nijeriya dubbai sun shiga wannan aiki, don haka ba abin mamaki ba ne a sami mai jin Hausa a cikin ma'aikata. A tambaya. An rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yuli 2025.

Yanzu ga kuɗi, inda gizo ke saƙar. Mutanenmu da yawa suna zaton a Ingila kome na lafiya kyauta ne. Mai ciwon daji, hukumar NHS takan yi masa magani ba ya biyan kobo. Amma wanka, da ciyarwa, da tsaron mai gigin tsufa, doka ba ta lissafa su cikin magani ba, ta bar su a hannun ƙaramar hukuma, ita kuwa sai ta auna dukiyar mutum tukuna. In dukiyarsa ta wuce fam 23,250, shi zai biya duka. Tsakanin wannan da fam 14,250, hukuma ta taimaka shi ma ya ƙara. Ko ƙasa da haka ma za a karɓi fanshonsa, a bar masa kimanin fam 30 a mako na sabulu da aski. Tun 2010 aka tsayar da adadin nan, har 2025 ba a taɓa shi ba, alhali kuɗin gidajen yana ta hawa. Gidan masu gigin tsufa yakan ci fiye da fam 1,000 a mako, watau sama da fam 52,000 a shekara, ciwon kuwa yana iya ɗaukar shekaru.

Wanda abin ya fi ci shi ne mai gidan kansa a unguwar bayan gari, wanda ya yi shekara talatin yana biyan bashin gida domin ya bar wa 'ya'yansa gado. Gidan yana shiga lissafi, sai dai in matarsa ko mijinta, ko wani ɗan'uwa da ya kai shekara 60, yana zaune a ciki. Akan ɗaga ƙafa na makonni 12 na farko. Dokar kulawa ta 2014 ta ba da dama ƙaramar hukuma ta riƙa biya a matsayin bashi, a warware daga kuɗin gidan daga baya. Wanda kuwa ya yi dabarar sa gidan da sunan ɗansa bayan ciwo ya bayyana, hukuma tana da iko ta lissafa shi kamar gidan yana hannunsa.

Wani abin da ba mu ga adalci a cikinsa ba, hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta gano a 2017 cewa mai biya daga aljihunsa yana biyan kimanin kashi 41 cikin ɗari fiye da abin da ƙaramar hukuma ke biya a gida ɗaya. Watau gwauruwar da ta sayar da gidanta tana cike giɓin da gwamnati ta bari, ba a ko gaya mata ba. Shi ya sa tambaya mafi muhimmanci kafin a sa hannu a takarda ita ce: ran da kuɗinmu ya sauka zuwa fam 23,250, za ku karɓi farashin hukuma, ko za ku ce mu ciko, ko mu kwashe ta? A nemi amsar a rubuce. Ɗauke mai gigin tsufa daga ɗakin da ta saba, bayan shekara uku, yakan ƙara rikita ta ƙwarai. A kuma nemi NHS ta auna ta, gama akwai tsarin da take biyan kuɗin duka in bukatar jinyar ta yi tsanani, ko da yake samunsa da wuya.

Kada kowa ya jira 'yan siyasa. Kwamitin Dilnot ya ba da shawara a 2011 a sa iyaka ga abin da mutum zai biya a rayuwarsa. A zaɓen 2017 shirin Theresa May ya sha suka har aka laƙaba masa suna harajin gigin tsufa. Boris Johnson ya yi alkawarin iyakar fam 86,000 a 2021, aka ɗage, sa'an nan Rachel Reeves ta soke shi a Yuli 2024. A Janairu 2025 aka ba Louise Casey sabon kwamiti, aka ce rahotonta na ƙarshe sai 2028. Scotland kuwa tun 2002 take biyan kuɗin wanka da ciyarwa ga tsofaffinta, ko da yake ɗaki da abinci suna wuyan mai shi.

Abin da ke hannun iyali shi ne takardar wakilci. Dokar 2005 ta yarda mutum ya naɗa wanda zai riƙe kuɗinsa, ya kuma yanke masa shawarar jinya, amma sai tun yana cikin hankalinsa zai sa hannu. Mun san maganar tana da nauyi a bakin ɗa, kamar yana yi wa ubansa fata. In dattijon ikilisiya ko fasto ya zauna tare da su, takan yi sauƙi. In aka bari har hankali ya gushe, sai an bi ta kotu, a yi watanni ana jira, asusun tsoho a rufe, gidan kulawa kuwa yana aiko da takardar biya kowane wata.