Wai me yara za su gani a cikin gari?

Duk lokacin da aka ba da hutun makaranta sai hankalin iyaye ya tashi, kowa na neman inda zai kai yara. Masu hannu da shuni su nufi Dubai ko Alƙahira, mu 'yan rabbana ka wadata mu kuwa a tafi manyan kantunan nan masu sanyin na'ura, a hau lilo, a sha askirim, a dawo gida aljihu ya yi ƙasa. A wannan karon na ce wa uwargida Kano za mu, kuma cikin gari, kuma a ƙafa. Da na faɗa wa wani abokina, haifaffen cikin badala wanda yanzu ya kafa gida a Abuja, sai ya kama baki ya ce, "Haba Malam, me za su gani ban da kwata da ƙura? Ka je ka kwaso musu zazzaɓi." Maganar nan ita ta hana ni sakat duk makon nan. Ba ƙarya ya yi ba, kwatar tana nan, ƙurar ma haka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ɗaya daga cikin lungunan nan aka binne cibiyarsa, amma 'ya'yansa ko da kuɗi aka haɗa su ba za su iya kai kansu ƙofar gidan kakansu ba.

Da karofin Ƙofar Mata muka fara, da sanyin safiya. Tun daga bakin ƙofa autata ta toshe hanci, yayyenta suna ta zumɓura baki. An rubuta 1498 a jikin wurin, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, amma lamba ba ta cika burge yaro ba. Abin da ya kama su wani dattijo ne da ke zaune a bakin rijiyar rini, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, jikokinka ne na kawo su ga aiki." Bai ce komai ba, sai ya tsoma farin ƙyalle ya murza shi a cikin ruwan, ya ɗago. Ƙyallen ya fito kore-kore, kamar bai rinu ba. Ya riƙe shi a sama, muna kallo launin ya riƙa juyawa har ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, shuɗin ya ƙara duhu. Babban ɗana, wanda kullum yake kukan darasin kimiyya ya fi ƙarfinsa, ya matso har yana neman faɗawa ciki, ya ce, "Baba, me kuka zuba masa?" Dattijon ya ce, "Ba mu zuba komai ba, ɗana. Iska ce ta sha shi." Daga nan hira ta ɓarke. Ya nuna musu busasshen baba, da toka, da katsi, wato laka da ake kwashewa daga gindin rijiya a ƙona a sake amfani da ita, ya ce sai haɗin ya kwana ya kwana yana ruɓa kafin ya nuna. Muka leƙa wurin masu bugu, inda ake ɗora rinannen zane a kan gungume ana dukansa da tabarya mai gajeren hannu har ya ɗauki sheƙi. Yaran da suka shigo suna toshe hanci sai da na yi da gaske na raba su da wurin.

Sai dai rijiyoyin da ke aiki ba su kai waɗanda suka mutu yawa ba. Wasu sun bushe, wasu ledar ruwa ta cika su. Masu bin wannan shafi sun san ra'ayina a kan yadda muka zuba ido masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe ɗaya bayan ɗaya, Kantin Kwari ya koma rumbun atamfar Sin. Ba zan maimaita ba. Zan dai tuna muku cewa Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A kan raƙumi da jaki aka yi wannan, babu lantarki, babu bashin banki.

Daga can muka miƙe ta gefen babban masallaci, muka tsaya Ƙofar Kudu yara suka ga Gidan Rumfa daga waje, muka shiga Gidan Makama suka shafa tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, suka ɗaga kai suna kallon bakan gizo da azarar da ta riƙe rufi ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Amma ainihin abin da na kawo su su gani yana cikin lungunan da ke kewaye da kasuwar Kurmi, kuma ba a ajiye shi cikin gilashi ba.

Na sa 'yata ta tsakiya ta riƙe biro da takarda, duk unguwar da muka shiga ta tambayi sunanta ta rubuta, sauran kuma dattijan da ke zaune a bakin zaure suka ƙara mata. Kafin azahar takardar ta cika. Agadasawa. Zangon Barebari. Tudun Nufawa. Ayagi, inda Yarbawa suka zauna tun kafin a san za a yi wata ƙasa Nijeriya. Dandalin Turawa, wanda ta ɗauka na Ingilishi ne, sai da aka faɗa mata Larabawan Tarabulus da Gadamas ne suka zauna a wurin suna kasuwanci, tun kafin sojojin Ingila su shigo garin a 1903. Madabo, mazaunin malamai Wangarawa da suka zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Sharifai, inda zuriyar Shehu Magili suke, malamin da ya zo daga arewacin Afirka ya rubuta wa Rumfa littafi a kan yadda ake mulki. Yarinyar ta dubi takardarta ta dube ni, ta ce, "Abba, to su waye 'yan Kano ɗin?" Na ce ai su ke nan kika rubuta.

Wannan tambayar tata ita nake so a kai wa masu zama a bayan tebur suna tantance wane ne ɗan asalin jiha. Kun san tsohon ciwona ne. Yaro an haife shi a gari, an haifi ubansa a gari, ya zo neman gurbin karatu ko tallafi a ce ya tafi ya kawo takarda daga ƙauyen da ko kakansa bai san hanyarsa ba. Da haka sarakunan da suka yi Kano suka yi, da Kurmi ba ta ci ba. Baƙo ya zo da fatauci ko da ilimi ko da sana'a, a yanka masa wuri, a naɗa masa mai unguwa, jikokinsa su tashi Kanawa. Yaron da ya taka waɗannan lungunan da ƙafarsa, ya ji sunayen da kunnensa, da wuya wani ɗan siyasa ya zo gobe ya cusa masa cewa maƙwabcinsa bare ne. Shekaru aka kwashe an cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantun ƙasar nan kafin a dawo da shi, kuma a tsakanin nan mu iyaye ba mu cike gurbin da komai ba sai wayar hannu.

Da la'asar sakaliya muka hau Dala. Na ba su labarin Barbushe da Tsumburbura muna hawa ina haki, su kuwa tuni sun kai sama. Daga can ana hango Goron Dutse da hasumiyoyin masallaci, ana kuma hango ɓarnar da muka yi. Autata ta ce in nuna mata ganuwar da nake ta ba su labari a mota. Na duba gabas na duba yamma. Katangar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, wadda sarakuna bayan sarakuna suka yi ta faɗaɗawa, yau sai ka yi da gaske za ka nuna wa yaro guntunta. Inda ruwan sama bai cinye ba, masu ɗibar ƙasa sun kwashe. Inda suka bari, an yanka an jera shaguna. Su ma kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina garin, waɗanda suke shanye ruwan damina, an cike su an yi filoti, sannan duk shekara in ruwa ya ci gidajen talakawa a fito a ce ƙaddara ce. Ƙaddarar da aka auna da igiyar awo aka buga mata hatimi!

Na san za a ce mutane sun yi yawa, suna bukatar muhalli, kuma ba wanda zai so ginin ƙasa ya rufto wa iyalinsa don baƙi su zo ɗaukar hoto. Gaskiya ne, amma ba talakan lungu ne ya mallaki jerin shagunan da ke kan ganuwa ba. Ga Agadas nan a Nijar, ba ta kama ƙafar Kano a arziki ba, amma ta riƙe tsohon garinta da hasumiyar masallacinta ta ƙasa mai tsawon mita 27, ana yaɓe ta ana gyarawa, har UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2013. Mu tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin masu jiran layi, kuma kowace shekara abin da za a zo a duba raguwa yake yi.

Ga iyayen da za su gwada, ku fita da wuri, ku sa wa yara takalmi rufaffe, ku bar mota a bakin ƙofa. Ku koya musu su yi sallama, su durƙusa su gaida dattijan da ke zaure, kada su ɗaga waya a fuskar mutum sai sun nemi izini, domin unguwar mutane ce, ba gidan zu ba. Ku sayi wani abu a hannun marina da dukawan Kurmi ko da ƙaramar jaka ce, kuma kada ku tsaya taya ta kamar za ku ƙwace.

Su kuma waɗanda suka raba ganuwa, ba aljanu ba ne. Kowane shago da ke zaune a kanta yana da takarda, kowace takarda akwai wanda ya sa mata hannu da ranar da ya sa. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowacce tana ɗora laifi a kan wadda ta gabace ta. To, a buɗe fayil-fayil ɗin, a buga sunayen a jarida, da na masu bayarwa da na masu karɓa. Ni na ba da wannan shafin kyauta ranar da aka shirya.