Kafin Ka Jefar Da MP Ɗinka, Duba Batirin



Hutun da ya wuce da na koma gida Taba, sai na tarar da gidanmu tsit da hantsi, abin da ban saba ba. Innarmu tana da 'yar lasifika, irin wadda muke kira MP, mai Bluetooth da ramin memori. Da ita take sauraron tafsiri tana aikin ƙuli-ƙuli, ƙannena kuma da ita suke bitar hadda kafin su tafi Islamiyya. Da na tambaya sai ta ce, "Ai abar ta mutu. Da an zare ta daga caji, ko minti goma ba ta yi." Har ta ajiye ta a gefe tana jiran 'yan gwangwan. Ga azumi ya matso, kuɗin sabuwa kuwa babu su a aljihuna, don rajistar makaranta ta kwashe komai.

Abin da na fara lura da shi: muddin tana jone da caja tana magana lafiya lau. Ke nan lasifikar da injinta ba su mutu ba. Na sauya wayar caji, na share ramin cajin da tsinke, ba ta sauya zane ba. Kuma idan aka ƙure murya sai ta ɗauke nan take. Waɗannan alamu biyu, mutuwa da zarar an zare caja da ɗaukewa idan an ƙara murya, galibi batiri suke nunawa.

Na kwance sukuru huɗu da ke bayanta, sai ga batiri guda ɗaya, mai kama da na tocila amma ya fi shi tsawo. Sunansa 18650, kuma sunan awonsa ne: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Irin batirin nan na litiyam ne, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka yi aikin samar da shi lambar yabo ta Nobel. A jikinsa an rubuta 3.7V. Idan ya cika yakan kai 4.2, idan ya sauko wajen 3.0 ya ƙare ke nan. Kuma yana tsufa: bayan an cika shi an juye kamar sau 300 zuwa 500, ƙarfinsa yakan ragu sosai. Zafi kuma yana gaggauta wannan tsufan. Nan na sunkuyar da kai, domin ni ne na koya wa ƙannena ɗora ta a kan katanga kusa da farantin sola, tana caji rana tana dukanta tun safe har la'asar.

Yanzu ga inda na yi wauta. Na je wani shago na ga batiri an rubuta masa 9,900mAh, ga araha. Na ce lallai na yi tsuntuwa, tunda na asalin 1,200 ne kawai. Na kawo na haɗa, Inna ta sa mini albarka. Kwana uku ba a yi ba aka koma gidan jiya. Ashe araha ba ta ado.

Da na koma Zariya sai na tafi da ita wajen wani mai gyaran kwamfuta a PZ. Ya ɗauki batirin ya jijjiga shi a tafin hannu, ya yi dariya ya ce, "Ɗan makaranta, kai ma lamba ta ruɗe ka? Ji nauyinsa mana." Ya miƙo mini wani na gaske, na ji bambancin nan take. Batirin 18650 na ƙwarai nauyinsa wajen giram 45 ne, kuma mafi yawansu ba su wuce wajen 3,500mAh ba. Duk wanda ka ga an rubuta masa dubu tara da wani abu, fenti ne kawai. Ya ciro mini ɗaya daga cikin tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, ya auna shi da mita a gabana, ya haɗa. Abin da na biya bai kai rubu'in kuɗin sabuwar lasifika ba.

Ga ɗan lissafi ga masu son Fiziks. Mu ɗauka lasifika tana jan 400mA. Batiri mai 2,000mAh na gaskiya zai riƙe ta awa biyar, wato 2,000 a raba da 400. Idan ka cika batirinka ya ƙare cikin rabin awa, ka san abin da ke cikinsa bai wuce 200 ba, ko me aka rubuta a jikinsa.

Ga wanda zai gwada, ga abin da na koya. Kafin ka cire komai ka ɗauki hoton cikin da wayarka, don ka san inda kowace waya take. Jar waya ta bakin ƙari (+) ce, baƙa ta bakin ragi (−), kuma juya su yana iya ƙona injin. Ka duba rubutun tsohon batirin: wasu manyan lasifikoki 7.4V ne, wato batiri biyu a jere, guda ɗaya ba zai ɗauke su ba. Idan tsohon yana da ɗan siririn allo manne a jikinsa, shi ne mai hana caji wuce kima, kada a sa sabo babu shi. Kada ka daɗe da ƙarfen soda a kan batiri, zafin yana lalata shi. In ba ka taɓa riƙe ƙarfen ba, kai wa mai gyara ka tsaya kana kallo, ka samu gyara da darasi a lokaci guda.

Sai babban gargaɗi. Batirin litiyam yana kama da wuta. A 2016 kamfanin Samsung, duk girmansa, sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda batirinta. Idan naka ya kumbura, ko yana zafi fiye da kima, ko yana wari, ka daina caji, kada ka huda shi, kada ka danne shi. Tsohon kuma kada ya shiga bola. A garuruwanmu shara ko dai a ƙona ta, ko a kwashe ta zuwa gona a matsayin taki, yara kuma suna tsince-tsince a ciki. Ka naɗe bakunansa biyu da salatif ka bar wa mai gyara.

Na aika wa Inna abarta ta hannun wani direban Hunkuyi. Daren farko na azumi ta kira ni, ina jiyo muryar malami a bayanta. Ta ce tun la'asar take kunne ba ta ɗauke ba. Yanzu a inuwa ake yi mata caji, kuma da ta cika ake zarewa.

Ka leƙa ƙarƙashin gadonka, wataƙila akwai tocila ko fankar caji da ka yanke wa hukuncin mutuwa alhali batiri kawai take nema. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.