Kunna injin ruwa da salula: ɗan aike ba mai gida ba ne

A gundumomin Mayahi da Tasawa, babu maganar da ta fi ta ruwa nauyi. Da zarar an bar kwarin Gulbin Kaba, rijiya takan yi zurfin da sai an sa raƙumi ko shanu su ja guga. Shi ya sa manyan garuruwa da dama suka koma ga rijiyar burtsatse, wadda aka fi sani da foraji, da shato a bisa, da famfuna cikin unguwanni. Injin da ke tura ruwan yana aiki da hasken rana, ko gazuwal, ko kuran na NIGELEC inda layi ya kai. Ko da wane iri ne, sai an samu mutum ya tashi ya je ya kunna shi, ya kuma koma ya kashe. In ya makara da safe, mata su yi ta jira da jarkoki. In ya manta da dare, shato ya cika ya yi ta malala har gari ya waye.

A yau ana iya ɗauke wa mutum wannan zirga-zirga da wasu ƙananan alluna masu ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su fi tafin hannu ba. Na farkon da ya yi suna shi ne Arduino, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na ƙasar Italiya cikin 2005 don ɗalibai su koyi sarrafa na'urori. A 2012 wata gidauniya ta birnin Kambirij a Ingila ta fito da Raspberry Pi, cikakkiyar kwamfuta bisa allo guda, a kan dalar Amurka 35, wato ƙasa da jika 20 na sefa a wancan lokaci. Sai kuma ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai a ƙasar Sin, wanda ya fito a 2016 da hanyar sadarwa marar waya a jikinsa, kuma ya fi su duka araha.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Ana rubuta ɗan shafin intanet mai maɓalli biyu, na kunnawa da na kashewa, wanda ake buɗewa a wayar salula. In aka danna, umurni ya bi rezo ya isa ga allon da ke ɗakin inji. Shi allon ba ya da ƙarfin juya inji: abin da ke fita daga ƙafarsa bai wuce bolt 3,3 ko bolt 5 ba, alhali injin foraji yana shan bolt 220 ko 380. Saboda haka allon yakan taɓa wani ƙaramin makunni da ake kira rele, shi kuma rele ya ja babban makunnin da ke sakin kuran zuwa ga inji. Hanyar da umurni ya bi, ita labari ke biyowa ya komo: ko inji na juyawa, inda ruwa ya kai cikin shato, da yawan lita da ta wuce ta ma'auni. Mai lambu a bakin gulbi, ko mai injin niƙa a kasuwa, duk da wannan dabara za su yi aiki.

Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar Nijar. Wani ɗan ƙasa, Abdou Maman Kané, ya ƙirƙiro tsarin ban ruwa daga nesa, inda manomi ke kunna injin lambunsa da wayar salula. Aikin ya ci kyautar kamfanin Orange ta masu sana'ar taimakon al'umma a Afirka cikin 2011, sannan a 2015 ya samu babbar kyautar Sarki Hasan na Biyu a taron ruwa na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu. Abin da ya canza tun daga lokacin shi ne kayan haɗin sun yi arahar da ɗalibin lise zai iya gwadawa a ɗakinsa.

Amfanin ga ɗan kasuwa da ma'aikacin hukuma a fili yake. Ruwan karkara na ƙarƙashin kulawar ƙananan hukumomi ne, su kuma sukan danƙa tafiyar da shi ga ƴan kasuwa bisa yarjejeniya. Wanda ya ɗauki foraji biyar ko shida tsakanin Kanambakashe da Sarkin Hausa, ko tsakanin Maijirgi da Urafan, zai rage kuɗin esansi da wahalar rairayi. Haka nan gardamar da aka saba tsakanin mai tafiyarwa da magajin gari, kan nawa aka ja da nawa aka sayar, za ta yi sauƙi in kowa na ganin lissafi guda a wayarsa.

To amma fa, araha ba ta ado. Allon na jika ƴan kaɗan ne, injin da aka ɗora masa kuwa ya ninka shi kuɗi sau da yawa, kuma in ya ƙone sai an nemo masu fiddo shi daga ƙasan rijiya, gari na zaune babu ruwa. Haɗari uku ne ke tafe da wannan aiki.

Na farko, rezo. Umurnin kunnawa yana iya isa, na kashewa ya maƙale a hanya. Injin da ke nutse cikin rijiya ruwa ne ke sanyaya shi. In ruwan ya ja baya yana ta juyawa a bushe, ba ya daɗewa zai ƙone.

Na biyu, kuran da zafi. Jahar Maradi na samun wutarta ne ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma jama'a ba su manta da yadda aka yanke shi daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024 ba. Raspberry Pi yana ajiye dukan iliminsa cikin ɗan katin ƙwaƙwalwa, wanda ɗaukewar wuta ba zato kan lalata. Ga zafin bazara cikin akwatin ƙarfe, ga ƙurar hunturu, ga tsawar damina. A irin wannan wuri, ƙaramin allo kamar ESP32, wanda ke tashi nan take in wuta ta dawo, ya fi dacewa da tsaron inji.

Na uku, ƙofar da aka buɗe wa mai gida, ɓarawo ma na iya bi. A watan Nuwamba na 2023 wasu masu kutse sun shiga na'urar wata tashar tura ruwa a garin Aliquippa na jahar Pensilbaniya a Amurka. Daga baya hukumar tsaron intanet ta ƙasar ta gargaɗi masu irin na'urar su canza kalmar sirri 1111 da take zuwa da ita daga masana'anta. Abin da ya ceci garin shi ne ma'aikata sun kashe na'urar, suka koma sarrafa famfo da hannu.

Darasin ke nan. Allo ɗan aike ne, kada a mai da shi mai gida. Kariyar inji ta zauna a wurin inji, ba cikin waya ba: ma'aunin da ke yanke wuta in shato ya cika, wanda ke yankewa in rijiya ta ja baya, da wanda ke yankewa in inji ya yi zafi. A tsara allon yadda zai kashe inji da kansa in ya daɗe bai ji daga mai shi ba. A bar makunnin hannu a jikin bango, tare da mutumin gari da ya san shi. A canza kalmar sirri tun ranar farko. Ya kamata magadan gari da ma'aikatan ruwa su rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin yarjejeniya kafin a sa hannu.

Saura babbar tambaya, wadda ɗan kasuwa zai yi wa duk mai tallar wannan na'ura: in ta lalace, wa zai gyara, kuma daga ina zai taso? In amsar ita ce Yamai, gara a dakata. Maradi na da lise na fasaha na Ɗan Kasawa, tana da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga cibiyoyin koyon sana'a cikin ƙananan hukumomi. Matasan da ke gyaran salula da haɗa kayan hasken rana a kasuwannin Mayahi da Tasawa sun riga sun san rabin aikin. Abin da ya rage a koya masu rabin na biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya: a horar da mai gyara tukuna, kana a sayo allo.